Rumbun Damina a Shekarar Ƙuri'a

A gidan Mainasara, cikin wani ƙauye yamma da Kiru, rumbu biyu ne. Ƙaramin yana tsakar gida kusa da madafa, daga shi ake ci da rani. Babban yana bayan gida gab da danga, nesa da wuta, shi ne rumbun damina. Da an gama kaka sai a jera masa dawa dami-dami, a liƙe bakinsa da laka, a kifa jinka, ba a sake taɓa shi sai ruwan shuka ya sauka. Maigida kaɗai ke hawansa. Mace ba ta leƙa shi, ko da ita ta haifi maigidan. Ana cewa idon mace yana korar albarkar hatsi, amma tsofaffi sun san ainihin dalili: kada mai girki ta ga cikarsa ta saki hannu, ko ta ga gindinsa hankalinta ya tashi.

Bana dami sittin Mainasara ya liƙe a ciki. Baki goma sha ɗaya ne ke ci a gidan, tun daga mahaifiyarsa Inna har 'yar autar da aka yaye da kaka. In an bi a hankali, dami sittin zai kai su daga shuka zuwa sabon gero. Shekara ta biyu ke nan da gida ya dawo wuyansa, tun rasuwar mahaifinsa Malam Balarabe, kuma har yanzu yana jin mutane suna auna shi da marigayin.

Shekarar kuwa ita ce alif ɗari tara da hamsin da tara, shekarar babbar ƙuri'a. Tun da damina sabon kuɗi ya fara ɓullowa, takardu masu ƙamshin kanti da farin sule mai sheƙi, a madadin jan sulen nan mai kan Sarkin Ingila da kowa ya saba da shi. Da aka buɗe sikelin gyaɗa, da sabuwar takarda aka riƙa biyan manoma. Ga kuma motoci masu lasifika suna zagaya ƙauyuka, kowace tana cewa in ba a jefa wa nata ba ƙasa za ta kife. Sai mutane suka ɗaura wannan da wancan. Aka ce ai takardar nan ta masu riƙe da mulki ce, in suka faɗi ranar Asabar ɗin ƙuri'a ta zama ganye. Wasu suka ce ko sun ci, in Bature ya naɗe tabarmarsa wa zai tsaya mata? Amma jan sule ƙarfe ne, ƙarfe kuwa ba ya mutuwa.

Akwai waɗanda suka san gaskiya. Malamin sikeli yana karanta jarida, ya san fam fam ne, ko tsoho ko sabo, kuma babu ƙuri'ar da za ta kashe shi. Manoma sun tambaye shi ya fi a ƙirga, abin da ya iya cewa shi ne, "To, Allah dai ya kyauta," yana gyara alƙalami a bayan kunne. Dagaci da aka je wa ya ce ba a aiko masa da takarda a kan maganar ba. Bayani ne na minti biyu, mutum ya tsaya a bakin masallaci ranar Juma'a ya faɗa, amma ba wanda ya ga aikinsa ne. Da irin wannan "Allah ya kyauta" ake gamawa da talaka a ƙasar nan, ba sai an ɗaga masa sanda ba.

Kasuwa ta haukace. Duk mai takarda a aljihu so yake ya rabu da ita kafin Asabar ɗin. Gishiri ya ninka, kananzir ya ɓace, yadin akoko da na alawayyo sai wanda ya san wani. Wani mutumin Kiru ya sayi keke bai iya hawa ba, ya turo shi har gida yana gumi. Wata mai ƙuli-ƙuli ta sayi fitila bakwai. Shi ma Mainasara kuɗin gyaɗarsa ya tafi a haraji da tufafin iyali da jaki na biyu, ya yi hamdala da ya ga ba sauran takarda a hannunsa.

Saura kwana tara ƙuri'a matan gidan suka tafi bikin suna a Bebeji, da Inna da matarsa Zuwaira da yara duka, za su kwana biyu. Gida ya rage daga shi sai awaki. Da hantsi sai ga Gwadabe ya yi sallama. Gwadabe ɗan gwaggonsa ne, taubashinsa, dillalin wani attajiri na birni. Da kaka gyaɗa yakan saya, bana kuwa hatsi yake nema.

"Bawa, yau kai ne da takalmin kanti?" in ji Mainasara, yana shimfiɗa masa tabarma a zaure. "Na wa ka sato?"

"Ubangijin da ba shi da ko furar baƙo," Gwadabe ya ce. "An bar ka gadin awaki an tafi cin naman suna. Ni dai ban ga ranar wannan sarauta ba."

Suka yi dariya, suka gaisa sosai, aka tambayi gwaggo da ciwon ƙafarta. Sannan Gwadabe ya zaro wata jakar fata daga cikin riga, ya kwance bakinta, ya tura ta gaban Mainasara. Jan sule ne zalla.

"Nawa ka san damin dawa?"

"Sule uku da kaka. Na ji an ce ya kai biyar."

"Bakwai zan ba ka. Kuma ba ganye ba, ga shi ka gani, mai kan Sarki."

"Na cikin gida in na taɓa shi ba zai kai mu bazara ba."

"Wa ya yi maganar na cikin gida?" Gwadabe ya nuna bayan gida da baki.

Mainasara ya daina murmushi. "Kai, bar wannan wasa. Baba bai taɓa buɗe shi kafin shuka ba, ko a shekarar da fara ta cinye gero."

"Kawu, Allah ya jiƙansa, bai taɓa ganin sule bakwai ba. Saurara, ɗan Kawu. Kana da jaki biyu. Ka san hanyar Doguwa, ka bi ta da shi tun kana ƙarami. Can ƙasan dutse labari ba ya isa da wuri, dawa na nan sule uku, wataƙila ma biyu da sisi. Ka sayar da sittin a nan, ka sayi ɗari da wani abu a can. Ka mayar da sittin ɗinka, saura riba. Kafin girgije ya taso wa ya san an buɗe?"

"In haka ne, me ya hana ka zuwa Doguwar da kanka?"

"Takalmin kanti ne, ba ya son dutse."

Mainasara ya yi dariya, kuma dariyar ce ta cuce shi, domin ita ta hana shi maimaita tambayar. Ya zauna yana juya sule ɗaya a hannu. Kowa na cewa Malam Balarabe ya bar gida a cike. Shi kuwa me za a ce ya ƙara? A zuciyarsa ya fara ganin rumbu na uku, sabo, da jinkarsa ɗanya, mutane na wucewa suna waiwaye. Ganin hadari, in ji masu magana, shi ke sa wanka da kashi.

Gidan a gefen gari yake, bayan danga sai gona. Ta nan jakan Gwadabe suka zo da azahar. Mainasara ya ɗaga jinka, ya fasa lakar da ya liƙe da hannunsa, ya shiga yana miƙo dami. Kafin la'asar sakaliya yana tsaye a gindin rumbun, babu komai sai ƙaiƙayi da kashin ɓera. Washegari ya kwaɓa sabuwar laka ya liƙe bakin, ya shafa mata toka da busasshiyar ƙasa don ta yi kama da tsohuwa, ya mayar da jinka, ya share sawun jakai da tsintsiya. Da matan suka dawo, rumbu na nan tsaye yadda suka bar shi.

Ya ce musu zai je Doguwa fatauci. Inna tana kaɗi a ƙofar ɗakinta. Ɗan farinta ne, ba ta kama sunansa.

"Kai kuwa, a irin wannan mako? Ba za ka tsaya ka jefa takardarka ba?"

"Da ni da babu ni za su ƙirga abinsu, Inna."

"To, Allah ya kiyaye hanya. Ka gaida mutanen can."

Ranar Litinin da azahar ya iso Kwanar Dangora, inda hanyar kudu ta rabu da titin Zariya. Ya san wurin da hayaniya, 'yan kamasho da masu rake da masu tsire. Yau motoci sun fi goma jere a bakin titi an lulluɓe su da tamfol, direbobi sun ce ba su ƙara tafiya sai an ga abin da Asabar ta haifa. Waɗanda ke tafiya kuwa duk fuska ɗaya suka nufa. Yana shayar da jakai ya ga huɗu sun fito daga hanyar Tudun Wada sun karya arewa zuwa birni, kowace tana nishi da buhuna har saman kai. Buhu ɗaya ya huje yana tsiyaya a kan titi. Mainasara ya je ya duƙa ya tsinta. Jar dawa ce, irin ta ƙasan dutse.

Ya gaya wa kansa mota huɗu ba ta kwashe ƙasa.

A Tudun Wada kasuwa ta ci ranar Laraba, amma layin 'yan hatsi an share shi tas, ma'auna suna zaune kowa da mudunsa a kife. Ya sami wani dattijo a cikinsu ya gaishe shi, ya tambayi dawa.

"Daga ina, malam?"

"Daga Kiru."

"Ai na wajenku ne suka kwashe. Mako biyu ke nan motocin birni na kwana a nan. Da wane kuɗi ka zo?"

Mainasara ya ciro sule ɗaya ya nuna, har da ɗan alfahari. Dattijon ko hannu bai miƙa ba.

"Mai kan Sarki? Sarkin nan ai ya daɗe da mutuwa, kuɗinsa ne ya yi jinkiri. Ranar Asabar da an rufe akwati zai bi shi. Sai dai ka huda ka rataya wa akuya."

"A wajenmu cewa ake takarda ce za ta mutu."

"To, ku da kuka fi mu kusa da birni." Dattijon ya nuna wata rumfa da mutane suka yi wa cincirindo. "Ga mai canji can. Ja uku yake karɓa ya ba da fari biyu. Jiya huɗu ne a uku."

Mainasara bai je rumfar ba. Amma a nan ne tambayar da ya yi wa Gwadabe ta dawo masa, wannan karon tare da amsarta. Attajirin birni ba ya zubar da jan sule a ƙauye don ƙaunar manoma. Wanda ke kusa da banki ya san wane kuɗi ake janyewa a hankali, ya san kuma a watan da kowa ke tsoron kuɗi, mai hatsi shi ne sarki. Jakar da ke ɗaure a ƙugun Mainasara ta ƙara nauyi.

Komawa ba ta da amfani, sai ya ci gaba. Kwana biyu ya yi cikin dajin Falgore tare da wasu fatake uku masu gishiri, waɗanda ba sa son magana. Sun haɗu da mutane ƙalilan, kuma kowa kafin ya amsa sallama sai ya dubi kayan da ke kan jakai. A wata ruga ya nemi nono, Bafulatanar ta dubi kwabonsa ta girgiza kai, ta nuna gishirin fataken. Da ba su sam masa ba, da ruwan rafi zai sha.

Ranar Juma'a da yamma duwatsun Doguwa suka bayyana. Ya sauka gidan Ɗantani, tsohon abokin mahaifinsa, wanda a zaurensa suke sauka tun Mainasara bai fi tsayin jaki ba. Tsohon ya karɓe shi da murna, aka kawo ruwa, aka kawo tuwo, aka yi wa Malam Balarabe addu'a. Ba a tambayar baƙo abin da ya kawo shi sai ya kwana.

Asabar ba a yi kasuwa ba. Maza sun yi dogon layi a gaban wata rumfa da aka killace da zana, kowa ya shiga shi kaɗai ya jefa takarda a akwatin da ya zaɓa ya fito. Ba kiɗa, ba raha, 'yan doka biyu suna tsaye da kulki. Mata sun hana yara fita. Mainasara sunansa a Kiru yake, sai ya zauna a zaure yana kallon layin daga nesa. Da Ɗantani ya dawo, ya jingine sandarsa, ya zauna a kan buzu.

"To, ɗan Balarabe. Jaki biyu, taiki babu komai. Sayayya ka zo?"

"Dawa nake so, Baba, da yawa. In saya in ajiye a nan, in riƙa jigila da rani."

Ya kwance jakar. Ɗantani ya leƙa, ya mayar da bakinta ya ɗaure da kansa.

"Ja ne ko fari, a garin nan yanzu ba mai ba ka ko zangarniya da shi. Gishiri muke karɓa, ko zane, ko dabba. Waɗanda suka karɓi kuɗin masu mota da farko, ga su nan suna cizon yatsa."

"Baba, kuɗi ba ya mutuwa haka kawai."

"Kai ka ce. Ni na ga mutuwarsa. Ina da shekara goma ko sha ɗaya, ubana yana da kuɗin wuri cike da ɗaki guda. Bature ya zo, aka wayi gari wuri ba kuɗi ba ne. Da shi muka cike ramin da aka haƙi ƙasar wannan zauren, in ka tona bayan katanga za ka same shi. Zuwan Bature ya kashe kuɗi ɗaya, ka ce tafiyarsa ba za ta kashe wani ba?"

Tambayar nan tana da amsa. Malamin sikeli yana da ita, amma yana can Kiru yana gyara alƙalami.

Tsohon ya dube shi ya ce, "Kuɗin gyaɗa bana ba da ja ake biya ba. Wannan na hatsi ne. Wane rumbu ka buɗe?"

Mainasara ya sunkuyar da kai.

"Tsohuwarka ta sani?"

"Na liƙe shi, Baba."

"Ka liƙe shi." Ɗantani ya ja carbi sau biyu ko uku. "Inna lillahi."

"Baba, ko dami ashirin ne daga naka. In ya so..."

"Nawa yana bayan gida a liƙe, baki goma sha huɗu na jiransa. Cewa kake in yi abin da ka yi?"

Ba faɗa ya yi ba. Da ma faɗan ya yi, da ya fi sauƙi.

Mainasara ya ce zai jira. In Asabar ta wuce aka ga kuɗi bai mutu ba, dole hatsi ya fito. Ya jira kwana huɗu. Wani malamin daji mai akwatin rediyo ya kawo labari cewa an gama ƙirga, ba a yi yaƙi ba, ƙasa ba ta kife ba. Masu tebur suka fara karɓar kwabo, mai goro ya karɓi sisi. Ranar kasuwa Mainasara ya yi sammako da jakarsa. Dami goma sha uku ya gani a kasuwar duka, ana faɗin sule goma sha biyu da farin kuɗi, jan kuwa har yanzu uku a biyu. Kafin ya gama taya ɗaya, masu sayen abincin leburorin haƙar kuza sun kwashe su duka.

Ya bi gida-gida tare da Ɗantani. Amsa ɗaya ce ko'ina. Ƙuri'a dai ta wuce, amma Bature bai tafi ba tukuna, an ce sai ƙarshen damina mai zuwa. Ranar ita ce ranar. Mai hatsi zai riƙe abinsa sai ya ga bayanta. Shi ma malamin dajin, da rediyonsa da karatunsa, da aka tambaye shi ko gaskiya ne, cewa ya yi shi dai itace aka ba shi tsaro.

Ƙarshen damina. Mainasara ya bi watannin a zuciyarsa: shuka, noman farko, maimai, sannan marka, lokacin da ruwa ke wuni yana zuba, gero bai nuna ba, yara na zagaya madafa. Tsoron da ya zata na mako guda ne, ashe ya shimfiɗa tabarma a kan duk watannin da rumbun zai ciyar.

A ƙarshe wani maƙwabcin Ɗantani ya yarda ya ba da dami takwas a bakin sabon jakin, jakin da a kowace shekara ya fi dami ashirin. Ɗantani ya ƙara ɗaya daga ƙaramin rumbunsa, ya ce na yara ne. Aka sussuke huɗu aka ɗura a taiki biyu aka ɗora wa tsohon jakin, biyar suka zauna jiran wani zuwa.

A Kwanar Dangora motoci sun tashi, hayaniya ta dawo kamar ba a yi komai ba. Ya tarar da Gwadabe a rumfar mai shayi, ya ɗora ƙafa ɗaya a kan ɗaya.

"Ubangiji, ina ɗayan jakin? Ko shi ma ya tsaya takara?"

Mainasara bai mayar da wasan ba. Ya ajiye jakar a kan benci. "Ga kuɗinka, ko sule ɗaya ban taɓa ba. Ka mayar mini da dawata."

Gwadabe ya dubi jakar, ya dubi mutanen da ke wurin, ya sauke ƙafa ya rage murya. "Ɗan Kawu, wallahi ba ta hannuna. Tana sito a birni, an sa kwaɗo. Maigidana ya ce ba a buɗewa sai marka."

"Ka san haka ranar da ka zo gidana?"

"Ni aike na aka yi." Ya tura masa kofin shayi. "Sha mana. In marka ta yi zan yi maka magana, a rage maka wani abu."

Mainasara ya ɗauki jakarsa, ya bar masa shayin.

Da la'asar ya shiga gida, mako biyu bayan fitarsa. Yara suka rufe shi da oyoyo, manyan suka sauke taiki suka jingine a bango. Ya je ya durƙusa ya gaida Inna. Ta tambayi hanya, ta tambayi Ɗantani da iyalinsa. Ba ta tambayi jaki ba, don tana da labari a baki.

"Bayan tafiyarka Furera ta zo," ta ce. Furera ƙanwarsa ce da ke aure a Bebeji. "Mijin nata ya sayar da hatsinsu kaf, wai ya ga kuɗi. Yanzu ga kuɗi ga yara biyar, ba abin sawa a tukunya. Na sa an ɗebar mata dami goma daga na cikin gida. Gidan Ɗanasabe ma na ba su uku, haihuwa aka yi."

"Goma sha uku, Inna?"

"To mene ne? In na ciki ya ƙare da wuri, a buɗe na baya da mako biyu ko uku, Allah ba zai kama mu ba. Na ce wa Furera, je ki faɗa wa mijinki, a gidan Malam ba a haifi mai irin wannan wauta ba. Rabin garin nan sun buɗe nasu sun sayar. Misali ake yi da gidan nan yanzu. Na ce duk wanda ya matsu ya zo, ba za mu ƙoshi maƙwabci na wuni da yunwa ba."

Ya ce, "Haka ne, Inna." Ya tashi.

Zuwaira ta kai masa ruwa ɗaki, ta saki labule, ta tsuguna daga gefen ƙofa.

"Maigida, kajina sun daina shiga ƙarƙashin rumbun baya."

Ya riƙe kwanon bai sha ba.

"Duk shekara can suke wuni, suna tsintar abin da ɓera ya zubo. Tun da muka dawo daga suna ko ɗaya ba ta leƙa ba. Kyanwa ma ta dawo cikin gida." Ta ƙara rage murya. "Ban hau ba. Ban kuma gaya wa kowa ba. Nawa ya rage?"

"Babu."

"Abin da ka zo da shi fa?"

"Huɗu a taiki, biyar a Doguwa. Sai wannan." Ya nuna jakar.

Ba ta dubi jakar ba. Ta yi ta motsa yatsu a kan gwiwarta.

"Na cikin gida saura bakwai," ta ce. "Daga gobe zan rage mudu ɗaya a awo, in ce dawar bana tana da auki. Kunun safe na yara ne kawai. Zogale da rama zan fara tarawa tun yanzu. Awakina biyu, in za ka kai su kasuwa kada ka karɓi kuɗi, hatsi za ka karɓa." Ta miƙe. "Amma bakin Inna kai za ka rufe, ba ni ba. Ta yi wa mutum uku alkawari."

Kafin ya amsa aka yi sallama a zaure. Muryar namiji ce, ƙasa-ƙasa, irin ta wanda ya daɗe a tsaye yana neman yadda zai fara. Daga tsakar gida Inna ta ɗaga murya.

"Kai, fito mana. Malam Bala ne na ƙofar masallaci, ni na ce ya zo in ka dawo. Dami biyu kawai yake so."

Mainasara ya ajiye kwanon. Zuwaira ta ɗaga masa labule ta matsa gefe. Ya fito tsakar gida, amma bai nufi zaure ba. Ya cire takalmi, ya koma ya durƙusa a gaban mahaifiyarsa.

"Inna, a ce wa Malam Bala ya ɗan dakata. Akwai maganar da zan gaya miki."

Inna ta dube shi, ta dubi taiki biyun da ke jingine a bango, ta dubi turken da jaki ɗaya ke ɗaure. Sannan ta ce wa yaran su fita waje.